KO WANDA BAI YI SOJA BA YA SHIGA ƘUNGIYAR MAZAN JIYA?

Ina roƙo a ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina bisa wata magana da ta raba kan waɗansu mutanen kirki a Tema, har ta kai mutum biyu da ke cin tuwo a kwano ɗaya sun daina. Ni dai ban taɓa sa kaki ba, ban kuma san nauyin bindiga ba, aikina koya wa yara Alƙur'ani da Arabiyya. Amma uku daga cikin mutanen nan iyayen almajiraina ne, su suka zo har makaranta suka ce in duba musu abin da littattafai suka ce. Na ba su amsa da baki, na kuwa ga ya kamata in rubuta ta, gama maganar za ta iso sauran zanguna ko ba daɗe ko ba jima.

Ga maganar. Idan mazan jiya, watau tsofaffin soja, suna aiki wuri ɗaya, suka kafa ƙungiya tasu ta cikin wurin aikin, ya kamata su karɓi abokan aikinsu da ba su taɓa yin soja ba, ko kuwa su ja ƙofa?

Wannan al'ada ta kafa ƙungiya cikin wurin aiki daga Amurka ta taso. A shekarar 1970 baƙaƙen fata ma'aikatan kamfanin Xerox suka kafa tasu domin su riƙa yi wa masu kamfanin magana da baki ɗaya. Daga baya mata suka yi tasu a kamfanoni dabam dabam, naƙasassu suka yi, mazan jiya ma suka yi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Niyok sun ce a can da yawa cikin ƙungiyoyin mazan jiyan a buɗe su ke, duk ma'aikacin da ya ga dama sai ya rubuta sunansa. To, abin da aka dafa a Amurka ba ya daɗewa ƙanshinsa bai iso Tema ba.

Wurin aikin da na ke magana a kansa yana kusa da tashar jiragen ruwa, ma'aikatansa sun kai 400. Mazan jiya a ciki su 23 ne. Yawancinsu masu gadi, sai direbobi, da makanikai biyu, da akawu guda. Musulmi ne da Kirista, ba su kuwa taɓa damuwa da wannan ba. Shekara biyu ke nan suna haɗuwa ran Asabar ta farkon kowane wata a gindin wata bishiya bayan sito, kowa ya zuba abin da aka yanka masa, in wani ya kwanta ciwo ko aka yi masa rasuwa a buɗe asusu a kai masa. Da labari ya kai ofis sai manajan ma'aikata ya kira su, ya yaba musu, ya ce zai ba su ɗakin taro mai fanka da kuɗi kowace shekara, amma da sharaɗi guda, ƙungiyar ta zama ta kowa, gama kamfani ba ya ba da kuɗi ga abin da ya ware waɗansu ma'aikata ya bar waɗansu.

Shugabansu, wanda kowa ke kira Baba Saje, ya je Labanan sau biyu, yana kuma cikin waɗanda aka kai Laberiya a 1990. Shi ya ce atafau ba za a buɗe ba. Ya ce mini, "Malam, ɗaki aka ce za a ba mu, ko 'yan kallo?" Akwai kuma wani kofur da bai daɗe da barin aiki ba, wanda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan ta Kudu, kamar ɗa ya ke wurin Baba Saje. Shi ya ce masa, "Baba, shekara biyu muna zaune mu kaɗai, wa ya sami ƙarin girma cikinmu? Mai rubuta sunayen waɗanda za a ɗaga bai san mu da kome ba sai buɗe ƙofa da sara masa." Ana cikin haka sai ga magana ta uku. Akwai wata mata mai shara a ofis, mijinta soja ne, ya komo daga Laberiya da ciwon da ya zama ajalinsa, ta ce ita ma tana so ta riƙa zubi. Ba ta taɓa yin fareti ba. A wane gefe za a sa ta?

Kafin in buɗe littafi sai na tuna da kakana, Allah ya jiƙansa. Yana cikin mutanen ƙasar nan sama da 60,000 da Turawan Ingila suka ɗauka a yaƙin Hitila. Aka kai shi ƙasar Bama, can bayan Indiya, inda sojan Afirka ta Yamma suka yi ta fama da Japanawa cikin kurmin Kaladan a 1944, har suka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Sunan barikin da ke Takoradi ke nan, yawancin samarinmu kuwa ba su san daga ina ya fito ba. Da ya komo, gadin kantin Kwara ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ina yaro abokansa huɗu su kan zo ƙofar gidanmu bayan la'asar, ɗaya mutumin Moshi, ɗaya Frafra, ɗaya Badagombe, ɗaya kuwa Kirista ne daga ƙasar Ewe. Da Hausa su ke hira, Hausar bariki, gama ita ta daɗe tana harshen sojan ƙasar nan, tun zamanin Glover da yaƙin Kumasi na 1874.

Ni ke kai musu ruwa da goro, don haka na kan ɗan tsaya kusa. Abin mamaki, ba su cika magana ba. Wani ya ambaci sunan kogi, sauran su gyaɗa kai. Wani ya kira sunan mutum, sai a yi shiru, Kiristan ya cire hularsa, kakana ya ɗaga hannu ya shafa. Wani lokaci kuma su tuntsire da dariya a kan abin da ni ban ga abin dariya cikinsa ba, kamar ranar da suka kwana biyu da yunwa, jirgin sama ya jefo musu buhun shinkafa ya faɗa tsakiyar kogi. Muna da wani tela maƙwabci, mutumin kirki ƙwarai, yana ƙaunarsu, shi ke ɗinka musu rigar salla kyauta. Amma da ya jawo kujera ya zauna sai hira ta koma kan tsadar goro. Ran da ya tambayi kakana mutum nawa ya kashe a Bama, kakana ya dube shi ya ce, "Malam Tela, yaya ɗinki?" Ya tashi ya shiga gida. Daren nan bai yi barci ba, mu ma ba mu yi ba.

Likitoci yanzu sun san wannan ciwo na wanda ya komo daga yaƙi jikinsa kalau amma barci ya gagare shi, in tayar mota ta fashe sai ka gan shi kwance ƙasa. A da sai a ce iska ce, a kai shi wurin malam a yi masa rubutu. Rubutu yana da amfaninsa, ni ma ina yi, amma na ga da idona abin da ya fi kwantar wa kakana da hankali shi ne zama da mutanen nan huɗu waɗanda ba sai ya yi musu bayani ba. Wannan shi Baba Saje ke tsoron a raba su da shi, ko da ya ke ba zai faɗa da wannan lafazi ba. Telan bai yi laifin kome ba, zamansa kaɗai ya isa ya kashe hirar.

Amma ga wani abu da na gaya wa Baba Saje. Mutumin Moshin nan bai taɓa harba bindiga ba. A Bama dubban sojanmu 'yan dako ne, da ka su ke ɗaukar harsashi da abinci inda mota ba ta shiga, yawancinsu adda kaɗai ke hannunsu, su ne kuma ke ɗauko wanda aka harba. Ban taɓa jin wani cikinsu ya ce masa kai ba ka yi yaƙi ba. Ashe wahalar da aka sha tare ita ta haɗa su a tabarma guda.

Tarihin ƙasarmu ma ya taɓa gwada wannan tambaya, da jini kuwa. Ran 28 ga Fabrairu 1948 mazan jiya suka yi jerin gwano a Ankara, ba makami a hannunsu, za su kai wa Gwamna Creasy takardar kuka a gidansa na Osu. Abin da su ke nema a fili ya ke, fansho da kuɗin sallama da aikin yi. Kwanaki kaɗan kafin ran nan Dr. Danquah da Kwame Nkrumah sun halarci taronsu sun yi musu jawabi, ga shi kuwa babu wanda ya taɓa yin soja cikin su biyun. Mutanen gari kuma, waɗanda ke fushi da tsadar kayan kantunan Turawa, suka bi bayansu. A mararrabar hanya kusa da gidan Gwamna 'yan sanda suka tare su, Baturen 'yan sanda mai suna Imray ya harba, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya rikice, aka kulle shugabanni shida, Ingila ta aiko da masu bincike, bayan shekara 9 ƙasa ta sami mulkin kanta. Kofur ya ce, to kun gani, da mazan jiya su kaɗai ne da maganar ta mutu a mararrabar. Gaskiyarsa. Baba Saje kuma ya ce ƙasa ta sami mulki, tsohon soja ya koma gadinsa. Shi ma gaskiyarsa. A 2020, shekara 72 bayan harbin, Farabiti Joseph Hammond, wanda ya yi yaƙin Bama, sai da ya yi ta tattaki cikin Ankara mako guda yana da shekara 95 domin a tara taimako ga ma'aikatan asibiti da mazan jiya matalauta. Baƙi sun ƙara wa kukan ƙarfi har aka ji shi a Landan, amma kafin ya isa can ya zama kukan wani abu dabam.

Yanzu sai littattafai. Kada wani ya ce Malam ya mai da yaƙin Turawa jihadi, ko ya daidaita masu gadin Tema da Sahabbai. Subhanallahi! Abin da na ke nema wurin magabata ma'aunin adalci ne, yadda suka yi da wanda ya halarta da wanda bai halarta ba, gama su ma tambayar nan ta same su.

An yi yaƙin Badar ran 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi su 313 ko kusa da haka, kuma har suka bar duniya ana girmama su da sunan 'yan Badar. Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarta ba. Matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kwance ba lafiya, aka umarce shi ya zauna ya yi jinyarta, ta kuwa rasu kafin rundunar ta komo Madina. Da aka zo rabon ganima sai aka ba shi kason wanda ya halarta, aka kuma yi masa albishir da lada irin nasu. Masu tarihi sun ƙidaya mutum 8 da aka yi wa haka. Ɗalha ɗan Ubaidullahi da Sa'idu ɗan Zaidu an aike su leƙen asirin ayarin Ƙuraishawa, ba su riski yaƙin ba. Abu Lubaba an mai da shi daga hanya ya riƙe Madina. Akwai kuma wanda ya karye a hanya aka komar da shi gida. Duk almajirin da ya karanta Risala ya wuce ta kan irin wannan hukunci, cewa ana ba da kaso ga wanda ya halarci yaƙi, da wanda aikin rundunar ne ya tsare shi, da marar lafiya.

Kofur ya ji wannan ya yi murna, ya ce to ai shi ke nan, a buɗe. Na ce masa ya dakata, a duba mutanen nan 8 ɗaya ɗaya. Kowanensu ko umarni ne ya tsare shi ko rauni, kowanensu ya ɗauki wani gefen nauyin tafiyar. Musulmin Madina duka suna ƙaunar 'yan Badar, sun fita tarbarsu da murna, amma ƙauna ba ta sa an rubuta kowa cikinsu ba. Kuma babu wanda ya kai sunansa da kansa, ba shi aka yi.

Da wannan ma'auni maganar mai shara ba ta yi mini wuya ba. Buhari ya kawo labarin wata mace mai ƙuruciya da ta tari Sayyidina Umaru a kasuwa, ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan yara ba su da abin dafawa, ta kuma ambaci cewa ubanta, Hufafu ɗan Ima'u, ya halarci Hudaibiyya. Umaru bai wuce ba sai da ya ɗora wa wani ƙaƙƙarfan raƙumi buhu biyu na abinci, da kuɗi da tufafi a tsakaninsu, ya miƙa mata akala. Wani ya ce an yi mata yawa, Umaru ya yi masa faɗa, ya tuna masa yadda ubanta da ɗan'uwanta suka daɗe suna kewaye da wata ganuwa har aka ci ta, jama'a kuma na cin amfanin. Matar nan ta Tema jinyar soja ta yi shekara shida, ita ke riƙe shi da dare in ya farka yana ihu. In jinya ta sa an rubuta Usmanu cikin 'yan Badar, ban ga dalilin hana ta zubi ba. Baba Saje ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Mma ta fi kofur sanin Laberiya." Aka wuce wurin.

Sauran ma'aikata fa, akawu da direba da masinja waɗanda ba su yi soja ba, ba su kuma yi jinyar soja ba, sai dai suna ganin girman mazan jiya, suna so su taimaka? Su na ke kamantawa da Ansar. Da Muhajirai suka iso Madina ba gida ba gona, Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da mutanen gari. Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba Abdurrahmani ɗan Aufu rabi, shi kuwa ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Abin da tsohon soja ke bukata wurin abokin aikinsa ke nan, hanyar kasuwa. Mutum ya shugabanci soja talatin, ya riƙe siton makamai shekara da shekaru ba a rasa ko harsashi ɗaya ba, ya zo neman aiki a miƙa masa fitila da sanda, domin mai ɗaukar ma'aikata bai iya karanta littafin sallamarsa ba. Wa zai gyara wannan in ba wanda ke cikin ofis ba? Wa zai taya su rubuta takardar neman haƙƙi zuwa hukumar mazan jiya a Ankara, ko ya sanar da su an buɗe gurbin mai kula da sito kafin a cike shi? In an ja ƙofa gam, an bar waɗannan duka a waje, kofur kuwa zai tsufa a bakin ƙofa kamar kakana.

Amma a lura. Ansar sun ba da gida da dabino, sun yi yaƙi ma tare, duk da haka ba a kiran jama'arsu da sunan Muhajirai. Suna da nasu suna, mai daraja kuwa. Har gādon da aka fara yi tsakanin 'yan'uwan ƙulli daga baya an shafe shi ya koma ga dangi, taimako da nasiha suka saura. Mu ma a zango mun san haka. Wanda ya raka maniyyaci filin jirgi, ya riƙe masa shago, ya ciyad da iyalinsa har ya komo, yana da lada mai yawa, amma ba a kiransa Alhaji, ba ya kuma jin an wulakanta shi.

Turawa ma sun rabu a kan wannan. Babbar ƙungiyar mazan jiya ta Ingila, British Legion, wadda aka kafa a 1921, yanzu kowa na iya shiga ko bai yi soja ba. Ta Amurka kuwa, American Legion, wadda aka kafa a 1919, sai wanda ya yi aikin soja, iyalansu suna da nasu reshe dabam, 'ya'ya maza ma an kafa musu nasu a 1932. Ta Amurkan ta fi kusa da abin da na ke gani ya dace da mutum 23 cikin 400.

Gama lissafi ne mai sauƙi, ɗan aji biyu ma ya iya shi. In aka buɗe da ƙuri'a ɗaya ga kowa, mutum 50 kacal suka shiga, zaɓen farko shugaban mazan jiya zai zama wanda bai san hagu da dama a fareti ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ba sai da mugun nufi ba. Masu yawa za su so a buga riguna, a yi ƙwallo, a ɗauki hoto ran 11 ga Nuwamba da jan fure a ƙirji, manaja ya sami abin liƙawa a bango. Ran da aka zo neman kuɗin likkafani sai a tarar sun tafi a lemo. Kuɗin kamfani kuma ba su zuwa su kaɗai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Duk da haka ban ce manaja bai da hujja ba. Sayyidina Abubakar ya raba dukiyar baitulmali daidai wa daida, yana ganin fifikon magabata ladansa na wurin Allah. Da Umaru ya kafa diwani sai ya fifita, ya yanka wa kowane ɗan Badar dirhami 5,000. Manya biyu ke nan suka saɓa, saboda haka ba abin kunya ba ne Baba Saje da kofur su saɓa. Kuɗin kamfani gumin ma'aikata duka ne, a bi da su hanyar Abubakar, duk abin da aka yi da su kowa ya ci moriyarsa. Kuɗin zubi kuwa na masu zubi ne. Na ce musu kada su yarda a haɗa jakunkunan biyu ko da rana ɗaya.

Shawarar da na ba su ke nan. A shimfiɗa tabarma biyu. Mai littafin sallama, da matar soja ko marayansa, su ne 'yan ƙungiya, su ke zubi, su ke zaɓe, cikinsu a ke fid da shugaba. Sauran ma'aikata a karɓe su da sunan mataimaka, su zo taro, su ba da shawara, su yi aiki, a gode musu a bainar jama'a. Kowane wata kuma a ware sa'a guda a rufe ƙofa, ba mataimaki, ba manaja, ba mai rubuta abin da aka faɗa. Wanda ya ga an rage masa daraja da wannan, to ba taimako ya kawo shi ba.

Ku kuma samarinmu, in aka ba ku irin wannan dama a wurin aikinku ku shiga, ku yi hidima, amma ku kiyaye bakinku. Kada ku tambayi tsohon soja wa ya kashe. In ya so ya faɗa zai faɗa, in ya yi shiru ku bar shi. Waɗanda kuma ke sayen wandon kaki a kasuwar gwanjo suna maƙala lambar kakanninsu ran hawan salla, su bari. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kayan soja tun 1967, Annabi kuma ya kamanta mai taƙama da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufafin ƙarya.

Har zuwa ran da na ke wannan rubutu manaja ya yarda da jaka biyu, ya yarda da zaɓe, amma bai yarda da sa'ar rufe ƙofa ba tukuna, ya ce ɗakin na kamfani ne. Baba Saje ya ce in haka ne su riƙe fankarsu, bishiya na nan ba ta tashi ba. Kofur yana kai da komo tsakaninsu, na kuma ji an gan su shi da Baba Saje suna shan koko tare da asuba. Za a yanke magana ran Asabar ta farkon watan gobe, Mma ta riga ta kai zubinta na farko. An ce in zo in buɗe taro da addu'a. In na shafa Fatiha sai in ɗauki takalmana in fita in ba su wuri. Wassalam.

Naku,
Malamin makarantar Arabiyya, Ashaiman.